Motar da Ta Ƙi Bin Layi



Dogon hutu ya kama, an kuma fara tallar sansanonin da ake koya wa yara kimiyya da haɗa mutum-mutumi. Sharhinmu na yau zai leƙa cikin ajin ne, bayan uba ya biya kuɗi ya juya.

A wani sansani da na ziyarta, an ba wata yarinya 'yar shekara goma kwali, da batir, da ƙananan injina biyu masu juya taya, da wasu idanu biyu na lantarki masu bambance baƙi da fari. Aikinta ta haɗa motar da za ta bi baƙin salatif da aka liƙa a ƙasa. Ta gama, ta kunna, sai mota ta kama juyi wuri guda kamar katantanwa. Da kallo ɗaya malamin ya gane matsalar: ta sauya wayoyin inji ɗaya, taya guda na gaba, guda na baya. Amma ya zura hannuwansa a aljihu.

"Ɗaga ta sama ki kunna," in ji shi. "Me kowace taya ke yi?"

Ta daɗe tana ƙura wa tayoyin ido. Can sai ta ce, "Malam, ai wannan baya take yi!" Ita da kanta ta kwance wayoyin ta mayar daidai.

Wannan haƙurin na malamin shi ne abin da iyaye ke biya wa kuɗi, ko da ba su sani ba. Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu da ya koyar a jami'ar MIT ta Amurka, ya gina aikinsa a kan haka: yaro na fahimtar abu ne idan ya haɗa shi, ya lalace, ya nemo inda ya kuskure. Sunan littafinsa na 1980, Mindstorms, shi kamfanin LEGO ya sa wa kayan haɗa mutum-mutuminsa a 1998. Daga baya kayan suka yi araha. Allon Arduino ya fito a Italiya a 2005, a 2016 kuma BBC ta raba allon micro:bit kyauta ga ɗalibai kusan miliyan ɗaya a Birtaniya.

Mu kuwa ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya taɓa fere kara ya yi mota, ko ya yanka tsohon silifa ya yi wa motar langa-langa taya, ya san daɗin abin. Sai dai da yawanmu bulala muka sha ranar da muka kwance rediyon Baba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wasu sansanonin lesin ne kawai aka sauya masa suna. Yara ashirin kan kaya ɗaya, malam na haɗawa suna kallo, 'yan mata kuma an miƙa musu biro su riƙa rubuta sakamako. Ranar rufewa a jera yaran da mutum-mutumin malam a ɗauki hoto, a raba takardar shaida.

Don haka kafin ku biya, ku tambaya: yara nawa ne ke raba kaya ɗaya? Idan sun wuce uku ko huɗu, wani zai ƙare hutun bai taɓa waya ba.

A huta lafiya.