Sabo da teku ba ya hana shi cin gwani

A wannan sati filinmu zai kai ku gaɓar tekun Wales, inda Eric Tabarly, matuƙin jirgin ruwan da Faransa ta fi alfahari da shi, ya gamu da ajalinsa.

Tabarly hafsan sojan ruwa ne. A 1964 ya lashe tseren ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai cikin kwana 27, a jirgi mai tafiya da iska, ya kuma sake lashe shi a 1976. Amma ajali bai same shi a tsakiyar teku ba. Ya same shi kusa da ƙasa, cikin tafiyar da ba tsere ba ce.

A watan Yuni na 1998 ya taso daga Bretagne cikin Pen Duick, jirgin da ya samu daga mahaifinsa, mai tsawon kimanin mita 15, wanda aka ƙera a 1898. Yana tare da mutum huɗu, sun nufi Fairlie ta ƙasar Sikotland, wurin bikin tunawa da William Fife, wanda ya zana jirgin. A daren 12 zuwa 13 ga wata, daura da gaɓar Wales, iska ta tsananta. Suka tashi sauke babban ƙyallen da iska ke turawa, domin su ɗaura ƙarami. Igiyar ruwa ta karkata jirgin, sandar da ke riƙe da ƙyallen daga sama ta buge shi, ya faɗa ruwa cikin duhu. Bai ɗaure kansa da jirgi ba, don ba al'adarsa ba ce. Sai bayan kimanin sati biyar masunta suka tsamo gawarsa. Shekararsa 66.

Mu da muke nesa da teku muna zaton kusa da gaɓa ya fi aminci. Matuƙa sun san ba haka ba ne. A can nesa jirgi yana da filin gudu gaban hadari. Kusa da ƙasa kuwa ruwa ba zurfi, kuma in ya tashi janyewa alhali iska na turo shi, raƙuman ruwa sukan taƙaice, su miƙe tsaye kamar bango. Ga duwatsu na jira ta gefen da iska ke tura jirgi.

Saboda haka ƙa'idodin ƙaramin jirgi uku ne. A saurari labarin yanayi kafin a bar tasha, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. A rage ƙyalle tun iska ba ta yi ƙarfi ba, tun da sauran haske, saboda aikin da yake wasa da la'asar shi ne kasada da tsakar dare. Sannan duk mai aiki bisa jirgi da dare ya sa ɗamara mai igiya, ya maƙala ta. Kan mutum cikin raƙuman ruwa bai fi ƙwarya girma ba, kuma sanyin wannan teku ba ya ba mutum dogon lokaci.

Ajali na Allah ne, babu mai musu. To amma an ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Pen Duick ya koma gida lafiya, abokan tafiya huɗu da ba su kama ƙafar Tabarly a sanin teku ba su ma sun tsira. Abin da ya raba su da gwaninsu igiya ce da ba ta wuce mita biyu ba.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.