Kada kwastoma ya riga injiniya jin labari

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da dama suka samu cikas a Najeriya. Irin wannan ba ya hanuwa, amma abin kunya ne ma'aikata ta fara jin na'urarta ta mutu daga bakin kwastoma.

Manhajojin sa ido irin su Zabbix suna da shafin da injiniya zai zaɓi matsalolin da za a sanar da shi. Shawararmu, a zaɓi manya kaɗai, domin ƙararrawar da ba ta shiru, kunne kan daina jin ta. A kuma haɗa da saƙon tes, tunda intanet ɗin da ya ɗauke ba zai kawo imel ba.