Ɗantata da Haƙƙin Ƙauye a Kan Attajiri

Yau muna so mu tuna da marigayi Alhaji Alhasan Ɗantata, Allah ya jiƙansa, domin a cikin sha'aninsa akwai maganar da ta shafi attajiran karkara na yanzu.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fatake tun kaka da kakanni. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami. Ya yi karatun allo, sannan ya bi hanyar Gwanja neman goro, kuma yana cikin na farko da suka riƙa ɗauko shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon doguwar tafiyar ayari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, shi kuwa ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa. Ya rasu a Kano a 1955.

Kowa ya san labarin dalar gyaɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda gyaɗar take taruwa. Ba shi yake zaga kasuwannin ƙauye da kansa ba. Jari yake ba yaransa bisa amana, su shiga ƙauyuka su saya, su kawo, a yi lissafi. Ta haka kuɗi ya riƙa komawa inda aka noma abin, kuma da yawa daga cikin yaran nan suka zama masu gidan kansu. Ba mu ce cinikin zamanin nan duka tsarkakakke ba ne. Akwai masu ba manomi falle a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, su karɓi ninki da kaka. Wannan zalunci ne jiya, zalunci ne yau.

Dalar gyaɗa ta tafi bayan farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, ga kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma. Amma har gobe gero da dawa da riɗi da wake suna barin ƙauyuka zuwa Dawanau. To, me yake komawa? Sau da yawa ɗan gari zai yi arziki da amfanin gonar 'yan'uwansa, ya gina soro a birni, garinsu kuwa ba rijiya mai kyau, hanya ta yanke da ruwan fari, almajirai suna karatu a rumfa mai yoyo.

Malamai, Allah ya gafarta muku, nan ne aikinku. Littattafan Malikiyya sun bayyana cinikin salam: a ba manomi kuɗinsa tun farko, a san irin hatsin, a san mudu, a san lokacin biya. Sun kuma bayyana cewa zakkar hatsi da ta dabbobi a wurin da ta wajaba ake raba ta, ba a kai ta nesa sai idan na can sun fi bukata. Attajirai da yawa ba su taɓa jin wannan daga bakin malaminsu ba, alhali kullum suna zaune a zaurensa.

Muna roƙo a karanta musu babin ciniki na Risala tun kafin ruwa ya sauka, lokacin da manomi zai fara neman kuɗin iri da taki.