KALANKUWA TA MANOMA CE, A MAYAR MUSU DA ABARSU

Kowace shekara, idan zangon karatu ya doshi ƙarewa, sai ka ga an lilliƙa takardu a bangon ɗakunan kwanan ɗalibai ana shelar wai za a yi Kalankuwa. Ranar kuwa sai wasu daga cikinmu su fito, wannan ya ɗaura walki a kan wandon Turawa, wancan ya saɓa garmar da bai taɓa sanin nauyinta ba, 'yanmata su zana tsagen ƙarya da kwalli, a riƙa karya harshe ana kwaikwayon maganar mutanen karkara, 'yan kallo suna ƙyaƙyata dariya. Daga nan babban baƙo ya karanta jawabi da Turanci a kan muhimmancin al'ada, a ɗauki hotuna, a watse. Wai an raya al'adun gargajiya ke nan!

Mu dai a wurinmu wannan ba'a ce, kuma waɗanda ake yi wa ita su ne iyayen da suka sayar da buhunan masara suka biya mana kuɗin makaranta.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa, ko da bai tarar da bikin a kan ganiyarsa ba, ya ji labarinsa a bakin manya. Kalankuwa tana da lokacinta, ba a yin ta don an ga dama. Sai ruwa ya ɗauke, an girbe gero, an yanke dawa, an cire gyaɗa, rumbu ya cika, hunturu ya fara kaɗawa, sannan samarin gari za su zauna da Sarkin Samari su tsayar da rana, su aika wa ƙauyukan makwabta da goron gayyata. Baƙi su zo a raba su gida gida, kowane gida ya fitar da abin da gonarsa ta ba shi: tuwon sabuwar dawa da miyar taushe wadda ta ji kabewa, dambu, fate, ɗanwake, dafaffen rogo, fura da nonon da Fulanin gefen gari suka kawo. Da la'asar a buɗe fagen kokawa da dambe, da dare masu kalangu su karɓa, 'yanmata su yi gaɗa har wata ya yi nisa. A wasu garuruwan matasa sukan naɗa wa junansu sarautu da muƙamai, su yi ta kwaikwayon hakimi da alƙali da ɗan doka, kuma a cikin wasan nan ne talaka yakan faɗa wa mai mulki abin da ba ya iya faɗa masa a fada. A lura da kyau: a can ƙauye na ƙasa ne yake kwaikwayon na sama. Mu a jami'a mun juya abin, mai takalmi ne yake yi wa mai faso dariya.

Bikin kuma lada ne na wahalar damina. Saurayin da ya yi fice a gayya, wanda makaɗan noma suka wasa shi yana kan kunya, a ranar ake sanin darajarsa, a nan yakan ga wadda zai aura. Manomin da ya yi dame dubu a nan sunansa yake zagaya ƙasa. To, yaron da ya ga ana kiɗa ubansa saboda noma, ina zai yi saurin jefar da fartanya ya tafi birni tura baro ko sayar da ruwa? Masu mulki suna ta kukan matasa sun guje wa gona, alhali an bar duk abin da yake sa noma ya zama abin alfahari ya mutu a tsaye.

Mun san abin da za a ce mana, domin mun sha jin sa: wai Kalankuwa maguzanci ce, kuma matattarar baɗala ce. Ba mu musa cewa akwai Maguzawa a kudancin Kano, ko kuwa cewa suna da nasu bukukuwan kaka da suka haɗa da giya da tsafi. Ba mu kuma musa cewa inda duk samari da 'yanmata suka taru da dare akan sami marasa kunya. Amma Musulmin ƙauyukan nan sun shekara aru aru suna yin nasu bikin, liman yana gari, dagaci yana gari, kuma babu wanda ya fita daga addini saboda ya ci tuwon sabuwar dawa ya kalli kokawa. Godiya ga Allah a kan amfanin gona ba baƙon abu ba ne a Musulunci. A wannan lokacin ne ma ake fitar da zakkar hatsi. Idan akwai ɓarna, dattawa su tsawata, a sa iyaka ga lokacin tashi, a hana abin da ya kamata a hana. A wajen hawan Salla ma akan yi sara da suka da shaye-shaye, amma ba mu taɓa jin wanda ya ce a soke Salla saboda 'yan daba ba. Don me sai bikin talaka ne kaɗai ake yi wa hukuncin kisa?

Amsar ba ta da wuyar ganewa. Al'adar da take da doki da alkyabba ita ce take da masu tsaya mata. A 1977, lokacin FESTAC, an tara dubban dawaki a Kaduna don a burge baƙin duniya. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu a jerin al'adun da duniya take taƙama da su, a 2024 kuma ta sa hawan dabar Kano. Madalla, muna murna. Sai dai dokin nan da ake yi wa ado, dawar wa yake ci? Ƙasar da take ciyar da birnin ita ce wannan da muke magana a kanta: shinkafar Tudun Wada, masarar Doguwa, hatsin da ake lodi a Kwanar Ɗangora, kifin madatsar ruwan Tiga wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gama ginawa a 1974 a ƙasar Bebeji. Da kaka 'yan kasuwa su zo da manyan motoci su kwashe amfanin da araha su kai Dawanau, da bazara manomi ya sayo abinsa da tsada. An ɗauke hatsin, yanzu kuma an ɗauke sunan bikin an kai shi ɗakin taro mai fanka.

Wani zai ce ai zamani ne, abin da ya tafi ya tafi. Bari mu ba shi labarin wasu mutane a Jihar Luwiziyana ta Amurka, waɗanda ake kira Kejun. Kakanninsu manoma ne masu jin Faransanci da Ingilishi suka koro daga gabashin Kanada tun daga 1755. A 1921 tsarin mulkin jihar ya wajabta koyarwa da Turanci, aka riƙa horon yaransu idan sun yi harshen gida a makaranta, kamar yadda aka riƙa cin tarar yawancinmu a sakandare idan an kama mu muna Hausa. Har ta kai su kansu suna jin kunyar kiɗansu, suna ganin na ƙauyawa ne. A 1964 wani gwanin gogensu, Dewey Balfa, ya je taron makaɗa a Newport, ya ga dubban baƙi sun miƙe suna tafa wa kiɗan da ake rainawa a gida. Ya komo ya tsaya a kan lamarin, har a 1974 aka shirya babban taron kiɗan Kejun a garin Lafayet. Daga nan ne bikin da suke yi duk watan Oktoba ya samo asali, inda ake kiɗa da rawa da cin abincin ƙasar. Miyarsu ma da suke ji da ita, gumbo, da kuɓewa ake yawan yin ta, sunanta kuwa daga Afirka ya je. Abin lura shi ne a ƙasarsu suke yin bikin, da makaɗansu na ainihi, ba su ɗauko 'yan birni sun yi musu shigar manoma ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, da 'yan'uwanmu da suka riga mu kama aiki a sakatariyoyinsu, su daina ɓarnar kuɗi a kan wasan kwaikwayon da ake yi a nan. A je a zauna da dagatai da limamai da sarakunan noma da na samari, a tambaye su yadda ake yi, su za su tsayar da rana, su za su ja gaba. Namu shi ne ɗaukar nauyin makaɗa, da naɗar muryoyin tsofaffin da suka rage kafin ƙasa ta rufe musu ido, da matsa wa shugabannin ƙananan hukumomi lamba su ware wa bikin kasonsa, su kuma tanadi tsaro, musamman a garuruwan da suke bakin dajin Falgore inda mutane suka daɗe suna fargabar taron dare. Kada kuma a mai da shi dandalin siyasa, inda za a jera kujerun manya a inuwa a bar manoma a rana suna jiran a gama jawabi.

Kuɗin da ƙungiya ɗaya take kashewa wajen hayar ɗakin taro da buga katin gayyata da sayen lemon babban baƙo ya isa ya cika mota da ɗalibai har Ƙiru, a kuma sami ragowar da za a saya wa gwanin kokawar bana rago.