Sikeli a lakwal: a auna yaranmu, amma kada a tsaya nan

Ƴan uwa matasa, in aka ce a riƙa auna yara a lakwal don yaƙi da ƙiba, da yawanmu dariya za mu yi. Ƙiba kuma? A ƙasar da fiye da yaro huɗu cikin goma ke tsumburewa saboda tamowa? Ni dai ina goyon bayan awon, amma da sharaɗi.

Awon da ake kira BMI, ko IMC a Faransanci, lissafi ne mai sauƙi: a raba nauyin yaro da tsayinsa sau tsayinsa. Yaro mai kilo 30 da tsayin mita 1,30 zai fito da kusan 18. Sai a kwatanta da jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya gwargwadon shekarunsa, mace ce ko namiji. Lissafin nan ɗaya shi ke nuna wanda ya yi ƙiba da wanda ya rame.

Wasu sun riga mu gwadawa. Jihar Arkansas ta Amurka ta kafa dokar awon a 2003, ana aika wa iyaye wasiƙa da sakamakon. Ingila ma tana auna ƴan firamare tun 2006. To me ya biyo baya? A 2013 jihar Massachusetts ta daina aika wasiƙun. Wani babban bincike a makarantun California kuma ya gano cewa wasiƙar ba ta rage nauyin yara ba. Takarda ba ta canza abin da ke cikin kwano.

Mu nan matsalarmu kai biyu gare ta. A aji guda a Yamai ko Maraɗi za ka ga yarinyar da ta zo ba ta karya ba, kusa da ita ga yaron da aka bai wa dala ashirin ya ƙarar a biskit, alawa da lemun leda a bakin ƙofa. A gida kuma in yaro ya yi kumatu sai a ce "ya ji daɗi". Ciwon suga da hawan jini da ke cin iyayenmu a birane ba rana ɗaya suke farawa ba.

Don haka ga sharuɗɗana. A auna yaro a keɓe, ma'aikacin CSI ya yi awon, ba mushe a gaban aji ba. Mun san bakin yara: sau ɗaya aka faɗi kilon yarinya da ƙarfi, ta samu sunan tsokana har ta gama lakwal. Sakamakon kuma ya ja wani abu a bayansa. Inda aka ga rama, a buɗe kantin. Inda aka ga ƙiba, kwamitin COGES ya zauna da mata masu talla, a ƙara ƙosai, gyaɗa, dabino da ruwan sha, a rage kayan zaƙi, ba tare da an kashe musu sana'a ba. A maido wa wasan motsa jiki lokacinsa.

Iyayenmu mata sun koyi auna damtsen jariri da ɗan zaren nan mai ja, rawaya da kore, saboda sun san in ya nuna ja akwai magani a likita. Sikelin lakwal ma haka ya kamata ya zama. In za a auna ƙannenmu a rufe rajista a aljihun tebur, gara a bar su.

A lakwal ɗin unguwarku, me ake sayarwa a bakin ƙofa? Ku faɗa mana a ƙasa.