GA MASU YI WA KWALE-KWALE DARIYA

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in ƙarasa maganar da aka hana ni ƙarasawa a taron Ƙungiyar Hausa na watan jiya. Waɗanda suka halarta za su tuna, da aka zo kan batun sana'o'in gargajiya da ya kamata a raya, na miƙe na ce a ganina babu wadda ta kai sarkanci cancanta, kuma hanyar raya shi ita ce a ɗebi samari a horar da su su zama malaman koyar da tuƙin kwale-kwale da iyo da ceton wanda ya faɗa ruwa. Ban rufe baki ba zaure ya kece da dariya. Wani daga baya ya ce, wai mutumin Wanke ina ya ga gulbi. Wani kuma ɗan ajin ƙarshe ya ce wannan ai wasan Turawa ne da suka ƙoshi suka rasa abin yi. Shugaba ya buga tebur, aka wuce zuwa batun dukanci. To, ga amsata a rubuce, tun da takarda ba a yi mata ihu.

Na farko ya yi gaskiya, Wanke ba garin bakin gulbi ba ne. Ƙoramu gare mu da kududdufai, waɗanda da rani akuya ke ƙetarewa, amma in ruwan Agusta ya sauka sai su hana mutum gonarsa yana kallonta. Bari in ƙara masa da abin da bai sani ba, ko ya ji daɗin dariyarsa: ni da ke wannan rubutu na ba shekara ashirin baya, ban iya iyo ba. Kakata ce ta yi mini iyaka da ruwa tun ina rarrafe, kullum tana tsorata mu da 'yan ruwa masu jan ƙafar yaro. Ina aji huɗu a firamare wani abokin wasana ya zame a kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini. Manya sun fi goma a bakin wurin, suna salati suna kai da komowa, babu wanda ya iya shiga. Kafin a nemo wanda ya iya, rai ya yi halinsa. Tsoron da aka cusa mana bai hana yaro zuwa bakin ruwa ba, abin da ya hana kawai shi ne a sami mai tsamo shi.

Yanzu mu bar Wanke mu duba ƙasar Hausa da kewayenta. A watan Mayu na 2021 wani jirgin kasuwa da ya kwaso mutum fiye da 150 ya dare a kogin Kwara kusa da Warra, cikin Jihar Kebbi, kaɗan suka fita. A ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su Maulidi. A watan Satumba na 2024 abin ya zo gida Zamfara: manoman Gummi sun shiga jirgi da safe za su ƙetare zuwa gonakinsu, aka ba da labarin fiye da 40 sun salwanta. A Agusta na 2025 kuma sai ga na Goronyo, 'yan cin kasuwa. Kowane karo abin da kan biyo baya iri ɗaya ne. Manya su zo jaje da buhunan shinkafa, a yi alkawarin kafa kwamiti, a raba rigunan kariya a gaban masu ɗaukar hoto, damina ta wuce a manta. Ihu bayan hari ke nan.

Mai karatu, tambayi duk wanda ya tsira daga irin wannan haɗari, labarin ba ya sauyawa. An yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa, har da babura da dabbobi. Katakon ya tsufa yana shan ruwa. Iska ta taso, ko an ci karo da kututture, mutane suka firgita suka miƙe tsaye, suka karkata gefe guda, jirgi ya juye. A cikin ruwa kuwa wanda bai iya ba ya riƙe wuyan wanda ya iya, su nutse tare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da ake koyarwa a kauce masa. Wa ya koyar? Gwamnati ta gina madatsar Tiga a 1974, ta gama ta Bakolori a 1978, ta Goronyo ta biyo baya, watau ta kawo ruwa mai kama da teku ta ajiye a ƙofar manoman da kakanninsu ba su taɓa riƙe filafili ba. An kawo injiniyoyi daga ƙasashen waje don su tare ruwa, amma malamin da zai nuna wa jama'a yadda za su zauna da shi, shiru kake ji.

Sai mu koma kan mai cewa wasan Turawa ne. Ƙwarai kuwa, a Ingila akwai samari da 'yan mata da kan shiga horo su karɓi takardar shaidar zama malaman tuƙin ƙananan jirage, wasunsu ba su ko gama sakandare ba. To amma me ake fara koya musu kafin a bar su su tara yara a bakin ruwa? Ceto. Yadda za ka miƙa wa mai nutsewa sanda ko ka jefa masa igiya maimakon ka ba shi wuyanka. Yadda za ka juyo da jirgin da ya kife ka kwashe ruwan cikinsa. Yadda za ka dubi iska da gudun ruwa ka ce yau ba a shiga, ko da ran kowa zai ɓaci. Yadda za ka ƙirga mutanenka kafin shiga da bayan fita. In wannan shi ne wasa, wallahi mu muka fi Bature bukatarsa, domin shi don shaƙatawa ya shiga jirgi, mu kuwa don gona da kasuwa da kai mai naƙuda asibiti.

Daɗin daɗawa, wa ya ce ilmin nan sai an yo mana aronsa? Muna da Sarkawa, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna su da fito a gulaben Kabi da Zamfara da Yawuri. Basarke ya san inda ruwa ke juyi tun daga launinsa, ya san yadda ake kwanciya a kan gora a ƙetare gulbi yana cike. Wanda ya taɓa zuwa Argungu ya ga tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, ban da babban su na Matan Fada. Bikin nan ya samo fasalinsa na yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya. Madalla. Amma 'yan kwanaki ne a yi kallo a tafa, baƙi su hau motocinsu, samarin da suka yi tseren su koma inda aka ɗauko su babu mai sake tambayarsu. A wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021 wata yarinya, Ayomide Bello, ta zama mace ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren kwale-kwale, ta kuma sake zuwa Paris a 2024. Ina jikokin Sarkin Ruwa?

A nan ne laifinmu ya fito, mu ɗaliban Hausa, kuma ina neman gafarar malamaina in na yi tsaurin ido. Kundaye nawa aka rubuta a kan sarkanci? Mun tattara kirarin Sarkawa da surkullensu, mun yi babi guda a kan maganin ƙayar kifi, mun kasa sunayen kifaye gida-gida. Ɗalibi ya je da rikoda ya zauna gaban tsoho, ya kwashe abin da ke bakinsa, ya dawo ya sami digiri, abin da ke hannun tsohon kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Mun mai da sana'a mai rai kayan tarihi tun ba ta mutu ba. Su ma Sarkawa ba zan wanke su ba. Sun riƙe ilmin a kan gado ne, sun lulluɓe shi da asiri, har jama'a suka ɗauka iya ruwa sai wanda aka ba laya. 'Ya'yansu kuwa da yawa sun ajiye filafili sun koma acaba a birni, aka bar fito a hannun duk wanda ya iya tayar da inji.

Na san za a ce ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado ne sai ya tafi. Haka ne, babu mai ja. Amma mai faɗar haka in ɗansa ya kwana da zazzaɓi ba ya jiran gari ya waye sai ya nemi magani. Malamanmu kuma sun sha gaya mana magabata sun yi umurni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Wani zai ce, ana fama da ɓarayin daji kai kana zancen kwale-kwale? Kada a koya wa mutumin Wanke abin da ɓarayin daji ke yi, mun gani da idonmu. Shi ma mai tambayar ya tuna da mutanen yankin Birnin Magaji da suka gudo daga hari a daminar 2025, suka cika jirgi, suka tsere wa bindiga ruwa ya cinye su.

Abin da nake nema ba ya bukatar tafiya Lokoja, inda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ke da hedkwata, ana kafa dokar hana tafiyar dare da ta sa rigar kariya, alhali babu mai tsayawa a mashigin Gummi ya ga an bi. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta Gusau da Bungudu, ga madatsar Gusau a kusa. A zaɓo samari daga kowace gunduma, 'ya'yan Sarkawa da waɗanda ba su gada ba, a haɗa su da tsofaffin masu fito a matsayin malamai da ake biya, a ƙara musu da ma'aikacin lafiya da zai nuna yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi takarda da ɗan albashi, a ɗora masa mashigi guda da makarantun da ke kewaye. Ko da abin da zai koyar bai wuce cewa jarka wofi mai murfi tana iya riƙe ƙato a kan ruwa ba, kuma jirgin katako da ya kife sau da yawa ba ya nutsewa, a riƙe shi a jira taimako, ya biya kuɗinsa. Tilas ne kuma a sa 'yan mata cikin horon, su koya wa 'yan'uwansu mata a keɓe cikin sutura, domin duk jirgin da ya kife mata da yara ne ke cika makara.

A taro mai zuwa zan sake kawo batun, tare da shawarar cewa ziyarar ƙungiya ta bana a kai ta bakin gulbi wurin Sarkin Ruwa, a bar rikoda a gida. Ni zan fara shiga, da jarkata. Ɗan ajin ƙarshen nan kuwa, in yana da amsa, ga filin Edita a fitowa ta gaba, sai dai ya fara gaya mana ko shi ya iya iyo.