Iya Zaɓen Launi Ya Fi Tsadar Kaya

Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda wasu za su ga kamar ta yi wa yarinya mai shekara 16 girma. Maganar kuwa ita ce ta adon ɗaki. Na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma tun da yake saboda mu 'yan mata ake shan wannan wahala, ina ganin ba laifi mu ma mu tofa albarkacin bakinmu. Ra'ayina shi ne, abin da ke sa ɗaki ya yi kyau iya zaɓen launi ne da tsabta, kuma talaka yana iya wannan kamar yadda mai kuɗi yake iyawa. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa uba ya sayar da gonarsa, ko uwa ta ci bashi, don kawai a cika wa amarya ɗaki da kaya ba.

Kowa ya san a al'adarmu iyayen amarya ke yin kayan ɗaki. A zamanin kakanninmu abin bai wuce gado da tabarma da tasoshi da ƙore da fayafai ba. Daga baya kwanuka masu fure suka shigo, aka riƙa yin jere har ya kusa taɓa rufi. Yau kuwa sai an yi setin gado, da kujeru, da labule, da kafet, da kayan kicin, kuma kowace uwa tana so na 'yarta ya fi na 'yar maƙwabta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin kome ya tashi, duk wanda ya raka mahaifiyarsa kasuwar Sabon Gari ya ga yadda ake tsayawa ana jinjina kai a gaban masu sayar da labule. A watan Oktoba na 2023, da gwamnatin Jihar Kano ta ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800, gado da katifa suna cikin abubuwan da ta ba da, don ta san su ne ke tsaya wa iyaye a wuya. A unguwarmu ta Samaru ma akwai wata yarinya da aka ɗaga bikinta har sau biyu, alhali ga miji a hannu, don kawai kafinta bai gama karɓar kuɗinsa ba.

Abin mamaki, yawancin ɗakunan da ake kashe wa wannan dukiya duk kamarsu ɗaya. Bango ruwan toka ko ruwan madara, kujeru ruwan toka, labule mai nauyi ruwan ƙasa, irin dai yadda ake gani a waya da finafinan ƙasashen waje. In ka shiga ɗakin amarya biyar sai ka rasa gane na wa ka shiga. Wai an ce wannan shi ne wayewa, ja da kore da rawaya kuwa ƙauyanci ne. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Da farko, mu dubi harshenmu. Bahaushe bai je kanti ya koyo sunan launi ba, daga abin da ke kewaye da shi ya samo. Muna cewa ruwan goro, da ruwan ɗorawa, da ruwan zuma, da ruwan hanta, da ruwan toka, da ruwan ƙasa. Shuɗi daga ganyen baba marina ke fitar da shi, kamar yadda ake yi a karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda aka ce tun 1498 yake. Jan da dukawa ke rina fata da shi daga karan dafi yake, watau wata irin dawa. Rawaya saiwar wani tsiro ce da ke fitowa a daji. Mata kuwa su shafe ɗaki da farar ƙasa, su yi daɓe, su zuba masa makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, sai ƙasan ɗaki ya yi ja mai duhu yana sheƙi. Mutanen da suka san launi haka, yaya za a ce sai sun yi aron ido kafin su gyara ɗakinsu? Ai zanen aro ba ya rufe katara.

Na biyu, mu da muke Zazzau mun fi kowa hujja. A nan ne Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya ƙawata cikinsa da zane, kuma da ƙasa ya yi aikin. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau ya ga yadda aka jera launuka iri iri a bango ɗaya, ba wanda ya tsone wa ɗan'uwansa ido. Tsofaffin gidajen cikin birni da Tudun Wada an san su da zanen dagi da takobi, har da keke da mota, a fuskar zaure. A shekarar 1958 kuma, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai masu koyon zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ce za su karɓi dabarun da malamansu Turawa ke koya musu, amma za su haɗa da adon gargajiyar garuruwansu. Daga baya duniya ta san da su, shi Grillo ma da shuɗi ya yi suna. Ashe abin da nake faɗa an riga ni faɗinsa a nan Samaru, tun ba a haifi iyayenmu ba.

To, yaya ake zaɓen launin? A ganina akwai abu uku da ya kamata a duba. Na ɗaya shi ne haske. Yawancin ɗakunanmu ƙanana ne, taga ɗaya gare su. Launi mai haske yana mayar da hasken rana cikin ɗaki, mai duhu kuwa shanye shi yake yi. Don haka bangon ƙaramin ɗaki ya fi son fari ko ruwan bula ko tsanwa, sai ɗakin ya zama kamar an ƙara masa faɗi, kuma sauro, wanda ke son maƙalewa a wuri mai duhu, ya rasa maɓoya. Na biyu shi ne yanayin garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin farin labule ya kwana biyu da farinsa, labule mai kauri kuwa rumbun ƙura ne, ga wuyar wanki. Atamfa marar nauyi wadda za a cire a wanke ranar Asabar ta fi shi amfani. Na uku shi ne kada a tara launuka su yi ta faɗa da juna. A zaɓi guda ya zama babba, kamar na bango, na biyu ya bi masa, kamar na labule da zanen gado, sa'an nan a ɗan yafa na uku mai ƙarfi a ƙananan abubuwa, irin su matashin kai da fayafai. Alal misali, farin bango da shuɗin labule da jajayen fayafai uku a rataye sun isa su sa baƙo ya tsaya yana kallo. Wanda bai da kuɗin fenti kala kala ma yana iya haɗawa da kansa: shuɗi da rawaya su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan goro, ja da fari su ba da ruwan hoda.

A nan sai in ja kunnen iyayenmu a kan fenti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi cewa wasu fentin mai suna ɗauke da gubar dalma, kuma an fi samunta a masu launin rawaya da ja masu ƙyalli. Wannan guba tana taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana. Mun ji abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga niƙan duwatsun zinariya ta fito. Saboda haka a tambayi mai kanti kafin a saya, a fi son fentin ruwa a cikin ɗaki, kuma kada a bar yaro ya riƙa ɓantarar tsohon fenti yana kaiwa baki.

Sai maganar zanen gado da abin rufa. Duk telan da ke Samaru ko Sabon Gari yana share ƙyallayen atamfa da shadda kullum yamma, wasu a zubar, wasu a ƙone. Waɗannan ƙyallaye in aka wanke su, aka yanka su daidai wa daida, kamar faɗin tafin hannu, aka jera mai haske kusa da mai duhu aka ɗinke, sa'an nan aka sa tsohon zane a baya da 'yar auduga a tsakiya, sai a sami abin rufa mai ɗumi wanda babu irinsa a kanti. Haɗa ƙyalle da ƙyalle ba baƙon abu ba ne gare mu, don gwado da luru ma ƙyallaye ne masaƙa ke saƙawa a haɗa su gefe da gefe. Kada kuma wani ya ce wannan aikin matsiyata ne. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a Jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna haɗa abin rufa da tsofaffin tufafin aikin gona. A 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotonsa a kan sarkin ƙasar. Mu da muke da mata masu ɗinkin hula da aikin babbar riga a cikin Birnin Zariya, allura ce za ta gagare mu?

Akwai kuma launi ɗaya wanda kusan kyauta ake samunsa, shi ne kore. Duk wanda ya ratsa gidajen ma'aikatan jami'a ya ga yadda tsirrai a bakin ƙofa ke sanyaya ido. Mu ma ba sai mun sayi furen Turawa ba. Gwangwanin madara ko fasasshiyar tukunya sun isa a dasa na'ana'a ko ɗaɗɗoya a ajiye a bakin taga, ga ƙamshi ga amfani a shayi da miya. Yakuwa mai jan kara tana ƙawata tsakar gida, lalle kuma ya yi shinge ya yi ƙunshi. Sharaɗin kawai shi ne a huda gindin gwangwanin don kada ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe ko sauro ya yi ƙwai, a haɗa ƙasar da taki da ɗan yashi, a sa shi inda rana ke leƙowa. Da rani ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ya ishe shi. Abin kunya ne a ce garin da aka kafa tashar binciken aikin gona tun 1922, a shiga gida a rasa ko ganye ɗaya.

Na san abin da iyayenmu mata za su ce. Za su ce, "Ke yarinya ce, ba ki san gori ba. Ranar da dangin miji suka zo ganin ɗaki suka taɓe baki, wa zai ji kunya?" Wannan magana gaskiya ce, kuma ban raina ta ba, don ƙauna ce ke sa uwa ta hana kanta barci saboda 'yarta. Amma ganin ɗaki kwana ɗaya ne, bashi kuwa yakan shekara ana biyansa, wani lokaci ma da kuɗin makarantar ƙannen amarya ake biya. Masu taɓe bakin nan ba za su zo ba ranar da mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida. Kuma waɗanda ke gori yau, gobe su ne iyayen wata amarya. In gida goma a unguwa suka daina, saura ma za su samu sauƙi. Ban ce mai hali kada ya saya wa 'yarsa abin da yake so ba. Abin da na ce shi ne daidai ruwa daidai tsaki, kuma kada a auna darajar yarinya da yawan kujerunta.

Mu ɗalibai ma akwai namu aikin, don ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo. Ina ba da shawara a darasin tattalin gida a koya mana haɗa launi da ɗinkin ƙyallaye, kamar yadda ake koya mana girki. Kowace ɗaliba in ta dawo hutu ta zo da ƙyallaye cikin leda da gwangwani ɗaya. Tun da yake kowane gida a makarantarmu yana da launinsa na wasanni, sai kowane ɗakin kwana ya ɗinka labulensa da launin gidansa, ya jera tsirransa a baranda, a riƙa ba da maki a kansu ranar duba tsabta. 'Yan'uwanmu maza da ke makarantun kwana su ma su koyi riƙe burushin fenti da zanen dagi, don watarana su ne angwaye, kuma in ango ya ce ya gode da abin da aka kawo, bakin kowa ya mutu.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, in lokacinmu ya zo, su tambaye mu launin da muke so kafin su tambayi kafinta farashi. Yarinyar da ta iya allura, ta san abin da ya dace da bangonta, ta iya raya tsiro a gwangwani, duk ɗakin da aka kai ta za ta gyara shi, ko na haya ne a Sabon Gari ko na ƙasa ne a ƙauye.